Abokin Atisayen Da Ba Ya Dukanka, Cutarka Yake Yi



Yau da gem zan fara. Wanda ya ga abin ya yi masa yarinta, ya daure ya kai ƙarshe tukuna, sannan ya yanke min hukunci.

Akwai wani ƙanena da ya shafe wata uku yana buga Tekken 8, wasan faɗa na kamfanin Bandai Namco na Japan wanda ya fito a Janairun 2024. Abokan karawarsa biyu ne kacal: na'urar da ya saukar zuwa mataki mafi sauƙi, da yaron maƙwabta wanda ko tare duka bai iya ba. Kullum sai ya zo yana cika min baki wai ya ci sau 30 a jere. Ranar da na kai shi shagon gem na bakin kasuwa, wani mai gyaran waya ya zauna da shi. Ko zagaye ɗaya bai ci ba. Ya tashi yana cewa madannin ne ya lalace. Madanni lafiyarsa ƙalau. Abin da ya lalace shi ne wata ukun da ya yi yana koyon kuskure ana tafa masa.

Ga yadda abin yake. Tekken yana tafiya ne a kan hoto 60 cikin kowane sakan ɗaya. Ɗan naushin gaba na yawancin mayaƙan yana fita cikin hoto 10, wato kashi ɗaya bisa shida na sakan. Akwai manyan duka masu ƙarfi waɗanda idan aka tare su, wanda ya kai dukan yakan daskare na tsawon hoto 10 ko fiye. A wannan ɗan taƙin ake rama masa, kuma ba shi da hanyar karewa. Ƙwararre ya san wannan, don haka duk sanda ka yi gangancin kai irin wannan duka sai ya hukunta ka nan take. Rago kuwa ba ya tarewa, in ma ya tare ba ya ramawa. Sai hannunka ya haddace cewa wannan dukan shi ne maganin komai. Ƙanena shuri ɗaya ya riƙe, shi ya ba shi nasara 30, shi kuma ya kayar da shi a shago.

Wasan ma da kansa ya tona wannan asiri. A Tekken 8 akwai sashen da na'ura take lura da yadda kake faɗa, ta ƙera wata fatalwarka mai kwaikwayon salonka. Abin da ka saba yi shi za ta yi. Idan da ragwaye ka saba, duk gangancinka za ta ɗauka. Haka hannun mutum yake: abin da ake barinsa ya wuce ba hukunci, shi yake zama masa hali.

Mu dubi Pakistan. Kafin 2019, Koriya ta Kudu da Japan ake kallo a matsayin gidan Tekken. Sai ga wani matashi daga Lahore, Arslan Ash, ya ci gasar EVO Japan a farkon shekarar, ya kuma je Las Vegas a watan Agusta ya ci babbar gasar EVO, inda ya doke Knee, gwarzon Koriya, a karawar ƙarshe. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne da ya nuna cewa a gida akwai ƙwararru da yawa irinsa. A shagunan gem na Lahore suke haɗuwa suna dukan juna babu sassauci. Shi kansa Knee sai da ya tafi Pakistan ya yi atisaye da su. Zakara guda ya tsallake ƙasashe don neman wanda zai iya dukansa, mu kuma muna gudun wanda zai ce mana waƙafinmu ba ya wurinsa.

A damben Turawa ma haka ne. Larry Holmes ya yi shekaru yana abokin atisayen Muhammad Ali, yana shan naushi yana koyo. A 1978 ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi.

To, na iso inda na dosa. Da yawanmu a matakin sauƙi muke buga rubutu. Mutum zai saki babi mai cike da kurakuran ƙa'ida, jarumar ta mutu a shafi na uku ta dawo a na bakwai babu bayani, "ta ce" da "tace" suna kokawa a layi ɗaya. Me zai biyo baya? "Masha Allah, alƙalami ya fi takobi." "Muna jiran ci gaba." Mutum 50 sun yaba, babu ɗaya da ya tare dukan. Wanda ya yi ƙarfin halin nuna gyara kuwa, sai a ce ɗan hassada ne. Ranar da marubucin ya aika labarinsa gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, ko ya kai wa editan da bai san shi ba, sai ya dawo yana cewa an yi son kai. Madanni ya lalace ke nan.

Na san abin da za a ce min: sabon shiga yana buƙatar ƙarfafa gwiwa, in aka fara masa da sara zai ajiye alƙalami. Akwai gaskiya a nan, ban musa ba. Idan ka haɗa ɗan koyo da zakaran duniya, za a gama da shi kafin ya gane abin da ya same shi, kuma babu abin da zai koya. Shi ya sa a karawar intanet wasan yake haɗa ka da na kusa da matakinka. Abokin atisaye na gari shi ne wanda ya ɗan fi ka, yana hukunta kuskurenka, sannan ya tsaya ya ce maka: ka ga wannan dukan na sama, sunkuyawa ake yi. Amma tsakanin yi wa mutum kaca-kaca da yi masa ƙarya akwai fili mai faɗi, kuma mu mun zaɓi ƙaryar ne saboda ta fi sauƙin rubutawa. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ni kaina sai da wata Aunty a ƙungiyarmu ta dawo min da gajeren labarina jawur da jan biro, ta ce shafuka huɗu na farko ba labari ba ne, sharar fage ce. Kwana biyu ina fushi. Har yau ban samu wanda ya amfane ni kamarta ba.

Don haka ga roƙona a wannan makon. Kowa ya nemi mutum ɗaya da ya fi shi iya rubutu, ya miƙa masa aikinsa kafin ya saki. Wanda zai yi sharhi kuma ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da dalilinsa, da abu ɗaya da ya karye da inda ya karye. Wanda bai karanta ba ya yi shiru, ya fi alheri.

Ƙanena yanzu duk Asabar yana shago yana shan kashi a hannun mai gyaran waya. Makon jiya ya ci zagaye biyu, kuma ya san dalilin da ya sa ya ci.

Allah Ya haɗa mu da masu faɗa mana gaskiya, Ya ba mu zuciyar ɗauka.