Jakada Ba Razdan Ba Ne

'Yan'uwa, da zarar an kai hari ƙauyukanmu, sai mu ce a rubuta wa jakadan Birtaniya, kamar har yanzu Razdan ne. Razdan kam yana da iko. Kyaftin Abadie ya zo Zariya a 1902, a 1903 Turawa suka tuɓe Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a fadar da ke cikin ganuwa. Amma tun 1960, daga kan Lord Head, jakada Birtaniya take aiko mana. Baƙo ne, Landan yake kai wa rahoto. Zai saurare mu, ya yi mana jaje, amma ko ɗan sanda ɗaya ba ya ƙarƙashinsa. Wasiƙar nan, mu kai wa ɗan majalisarmu da gwamna a Kaduna, hannu da hannu.