A Kwashe Kaset-kaset Na Bidiyo Da Kyau Tun Ba Su Lalace Ba

A gidaje da dama, tun daga Kano da Sakkwato har zuwa Agege da unguwar Sabo ta Ibadan, akwai wata tsohuwar akwati a ƙarƙashin gado cike da kaset-kaset na bidiyo. A cikinsu akwai bikin aure, da raɗin suna, da walimar saukar karatu, da ranar da maigida ya dawo daga aikin Hajji. Da yawa daga cikin mutanen da aka ɗauka sun kwanta dama, kuma a kaset ɗin nan kaɗai za a sake jin muryarsu, a ga dariyarsu. Abin takaici shi ne masu akwatin suna zaton wannan ajiya ba ta da wa'adi.

Alhali kuwa tana da shi. Zaren kaset wata siririyar leda ce da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu, aka manne shi da wani irin danƙo. Laima tana narkar da danƙon sannu a hankali, ta kawo fumfuna, har zaren ya manne da juna. Mazauna Ikko da Fatakwal su suka fi fuskantar wannan. A Arewa kuma zafin bazara da ƙurar hunturu suna tasu ɓarnar.

Daɗin daɗawa, na'urorin da ke kunna kaset ɗin ma suna ƙarewa. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da VHS a 1976, kuma a 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera irin waɗannan na'urori, ya daina. A 2019 hukumar UNESCO ta shiga cikin masu gargaɗin cewa wajen 2025 kunna irin waɗannan kaset zai yi wuya saboda rashin na'urori da kayan gyara. Wannan shekara ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka duk mai kaset ya kamata ya mai da shi cikin kwamfuta tun yanzu.

To, amma a nan ne wata ɓarnar take. Wani zai kunna kaset a talabijin ya ɗora wayarsa yana ɗauka. Wani zai kai wa masu tura fina-finai a kasuwa, a matse masa bikin awa uku ya zama ɗan abin da zai shiga WhatsApp, sa'an nan ya jefar da kaset ɗin a bola. Idan an yi magana sai ya ce ai hoton bidiyo dama dishi-dishi ne. Gaskiya ne, hoton VHS bai kai na yau ba. Amma wanda ke da ruwa kaɗan a tulu shi ya fi kowa hattara da kada ya zube. Matse hoto yana nufin zubar da wani sashe nasa, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa.

Aikin kirki yana farawa ne daga kaset ɗin kansa. A duba ta ɗan gilashin da ke jikinsa. In an ga farin gari a kan zaren, fumfuna ce, kada a saka shi a na'ura sai wanda ya san aikin ya tsabtace shi, domin zai ɓata kan na'urar ya kuma shafa wa sauran kaset. A karya ɗan harshen da ke bayan kaset don kada a naɗi wani abu a kansa bisa kuskure. A nemi na'ura mai lafiya wadda aka goge kanta, a fara gwada ta da kaset marar muhimmanci, domin tsohuwar na'ura takan tauna zare.

Bayan haka a lura da tsarin hoto. Nijeriya tsarin PAL ta bi, mai layi 625, wanda 576 daga ciki suke ɗauke da hoto. Kaset da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka NTSC ne, wanda aka naɗa daga talabijin na Nijar ko Faransa kuma yana iya zama SECAM. In na'ura ba ta dace da tsarin ba, hoton zai fito ba launi, ko ya ƙi fitowa sam. Kaset na PAL a kwashe shi a ma'aunin 720 da 576. Kowace daƙiƙa tana da hoto 25, kowane hoto kuma rabi biyu ne da ke sarƙe da juna, watau 50. Na'urar kwashewa mai araha takan yar da rabi ɗaya, motsi ya riƙa tsalle-tsalle. Araha ba ta ado. Haka nan kada a yarda a ja hoton don ya cika faffaɗan talabijin na zamani, domin fuskar amarya za ta baje. In an sami na'ura mai TBC, wadda ke daidaita rawar layukan hoto, da wayar S-Video maimakon rawayar waya, to an dace.

Sa'an nan a sani kaset na awa uku awa uku yake ci wajen kwashewa. Duk mai shagon da ya ce a dawo bayan minti goma, akwai abin dubawa. Kwafin farko a bar shi da girmansa. A tsarin DV awa ɗaya tana cin kusan gigabait 13, kuma wannan ba asara ba ce. Ƙananan kaset na MiniDV da suka fito a 1995 su dama dijital ne, ana kwafe su ta wayar FireWire ba tare da an rasa komai ba. Daga babban kwafin ne za a cire ƙarami a tura wa dangi. Masu cewa kwamfuta za ta wanke hoto ya koma sabo kuwa, a yi hattara da su, domin manhajar takan ƙaga abin da babu, har fuskar mamaci ta koma ta wani.

A ajiye babban kwafin a wuri biyu ko uku, ɗaya a wani gidan dabam, domin faifan DVD yana karcewa, filash kuma yana mutuwa ba sallama. A rubuta shekara da gari da sunayen mutane tun dattawan da suka san su suna raye. Kaset ɗin kuma kada a yar. A tsai da shi kamar littafi a wuri mai sanyi, nesa da lasifika.

Daga ƙarshe, akwai kira ga hukuma. Kaset na gida tarihin ƙasa ne, domin a cikinsa ake ganin hawan Salla da kiɗan biki da suturar zamanin da ya wuce. Ya dace ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, da Gidan Arewa na Kaduna, da hukumomin tarihi na jihohi su tanadi na'urori su horar da matasa, talaka ya kai kaset ɗinsa a kwashe masa a kan kuɗi kaɗan. Kafin nan, kowane magidanci ya jawo akwatin nan ya duba. Allah ya jiƙan waɗanda ke cikin kaset ɗin, amin.