Daga Bakin Allo: Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Gane Mai Ita

A wannan wata na yi niyyar in ci gaba da zancen kuɗin littattafai da muka faro, amma sai wani al'amari ya auku a makarantarmu a nan Mora wanda na ga ya kamata in gabatar da shi tukuna, domin kuwa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Akwai wani abokin aikina, malamin aji shida, wato CM2, wanda ya yi adashi har ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo. A cikinta ya zuba sunayen yara 63 masu shiga jarrabawar CEP, da ranakun haihuwarsu, da lambobin takardun haihuwa, waɗanda duk malami ya san irin wahalar da ake sha kafin a karɓo su daga hannun iyaye. Da yake yaran gidansa ba su barin abu ya huta, sai ya sa aka ɗaura mata kalmar sirri tun daga bakin ƙofa, yadda ba za ta tashi ba sam sai an rubuta. Ana nan, wata safiya shayi ya zube a kan madannan, haruffa suka maƙale. Ya ba wani direba ya kai masa ita Marwa, tafiyar kilomita 60 ko kusa da haka, bayan kwana biyu ta dawo da sababbin madannai fes. Malam ya kunna, ya rubuta kalmarsa da ya saba rubutawa kullum, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. A karo na uku sai ta rufe bakinta ƙirin. A lokacin kuwa saura kwana huɗu a kai jerin sunayen ofishin sufeto.

Kafin azahar masu ba da shawara sun cika ofishin darakta. Wani ya ce a kwance ta a cire ƙaramin batir, wani ya ce a kai ta a wanke ta gaba ɗaya a zuba sabon Windows, wani kuma ya rantse cewa mai gyara ne ya canza kalmar don a koma masa da kuɗi. Ni dai na tuna musu da dutsen da ke bayanmu. Jamusawa sun hau shi a 1914, sojojin Ingila da na Faransa suka kewaye su fiye da shekara guda, ba su kuwa sauko ba sai ranar 18 ga Fabrairu, 1916, shi ma da sulhu. Na ce mu zauna mu fahimci abin tukuna, kada garin neman gira a rasa ido.

To, mai karatu, ya kamata ka sani makullin kwamfuta ba ɗaya ba ne. Akwai wanda Windows ke tambaya bayan na'ura ta gama tashi, wannan kamar makullin ɗaki ne, kuma mai gyara na kirki yana iya taimakonka a kansa. Akwai kuma na BIOS, wato ɗan ƙaramin tsarin da ke farkawa da zarar ka danna maɓallin wuta, tun Windows bai motsa ba. Wannan shi ne ƙyauren zaure, shi ne kuma ya tsare abokina. Saboda haka shawarar wanke kwamfuta ba ta da amfani a nan, kalmar ba a cikin Windows take ba, iyaka dai a shafe sunayen yaran a banza. Na ukunsu shi ne wanda ake sa wa rumbun ajiya kansa, wanda ko ka ciro rumbun ka kai shi wata na'ura yana nan a kulle.

Shawarar cire batir kuwa tana da asali. A manyan kwamfutocin tebur akwai wani batir kamar kwabo, CR2032, wanda in aka cire shi na ɗan lokaci sai na'ura ta mance da abin da aka tsara mata, har da kalmar sirri. Amma masu ƙera ta tafi-da-gidanka sun san abin ɗauka ne a jaka, ɓarawo ma yana iya ɗauka, shi ya sa a yawancinsu, musamman irin na ma'aikatu da ke zuwa mana gwanjo, suka ajiye kalmar a wani ɗan guntu da ba ya mantuwa ko da babu wuta. Ka cire batir, agogo ne kurum zai rikice, makulli yana nan daram.

Wanda ya fid da mu wani tsohon ɗalibina ne da ke karatu a Jami'ar Marwa, ya zo gida ganin mahaifiyarsa. Tun da gwamnati ta sanar a 2016 cewa za ta raba wa ɗaliban jami'o'i kwamfuta 500,000, samarinmu da dama sun san cikin na'urar nan fiye da mu da muka koya musu baƙi. Yaron nan bai ko dubi fuskar kwamfutar ba, madannan ya tsura wa ido.

Ya ce, "Malam, a gafarce ni, da can harafin farko a layin sama A ne ko Q?"

Abokina ya ce, "Wallahi ɗana, A ne, da Z a gefensa."

Ya ce, "To Malam, kalmarka ba ta canza ba, haruffan ne suka yi ƙaura."

Ga yadda abin yake. Madannan Faransanci, waɗanda muka saba da su a wannan yanki, suna farawa da AZERTY, na Ingilishi kuwa, irin waɗanda ke shigo mana daga Nijeriya, da QWERTY. Mai gyara bai sami na Faransanci ba sai ya sa na Ingilishi, bai kuma yi wani mugun nufi ba. Ita na'ura a bakin ƙofa ba ta ganin fentin da ke kan maɓalli, gurbin da yatsa ya taɓa shi ta riƙe. A da Q sun yi musanyar wuri, haka Z da W, shi kuma M da ke daman L ya sauko layin ƙasa. Kalmar Malam sunan mahaifiyarsa ce, akwai A biyu da M ɗaya a ciki, shi kuwa irinmu ne masu rubutu da yatsa biyu ido na kan haruffa. Yaron ya zana tsohon tsarin a allo da alli, ya juya baya, Malam ya danna Q a inda yake nufin A, ya danna na kusa da L a madadin M. Nan take ta buɗe. Darakta har da tafi.

Na tambaye shi, in da mantuwa ce ta gaske fa? Ya ce da farko a duba maɓallin manyan baƙaƙe da na lambobi, domin a wasu ƙananan kwamfutoci in na lambobi yana kunne sai J, K da L su koma 1, 2, 3. In ba wannan ba ne, sai a koma ga kamfanin da ya ƙera ta. Dell, alal misali, yana ba da kalmar buɗewa in ka kai masa lambar da ta bayyana a fuska tare da shaidar cewa kayanka ne. Lenovo kuwa ya faɗa a fili cewa wanda ya mance babbar kalmar ThinkPad sai dai a canza babban farantin ciki, wanda masu gyara ke kira kat-mer, kuɗinsa kuwa kan yi kusa da na wata kwamfutar gwanjon. Akwai masu gyaran da ke iya taɓa ɗan guntun nan da ƙarfen lika, amma in hannu ya kuskure shi ke nan. Kafin a kai ga haka, a fara ciro rumbu a kwashe aikin da ke ciki, muddin ba a kulle shi ba. In an rufe shi da BitLocker kuwa, sai an kawo lambobinsa 48.

A nan ne maganar rasit ta shigo, mu kuwa Hausawa cinikinmu na baka ne, a sa albarka a tafa hannu. A ganina wannan ba ya isa a kan kwamfuta. In za ka saya, ko a kasuwar Lahadi ta Mora, ko Marwa, ko Garwa, ka sa mai ita ya kashe ta ɗungum ya kunna a gabanka, ya kuma shiga BIOS ka gani, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. A rubuta maka takarda da lambar na'urar da sunan mai sayarwa. Wanda ya ce maka a kulle take amma buɗewa ba wuya, ga ragi, ka tambaye shi me ya hana shi buɗewa da kansa.

Jerin sunayen ya isa ofishin sufeto saura kwana ɗaya. Yanzu akwai kwafinsa a takarda, kalmar sirrin kuma tana cikin ambulan a kabad ɗin darakta. Abin da ya rage shi ne Windows ɗin Malam har yau Faransanci yake ji, in ya danna Q sai A ta fito, don haka ya yanka 'yan takardu ya lilliƙa a kan maɓallan guda biyar. Zancen kuɗin littattafai sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.