Dandalin Masu Abinci a Nima: Makarantar Hausa Marar Allo

Ɗalibai sukan tambaya: me ya sa Hausa ta kafu a Accra, birnin da Ga da Twi da Turanci suka mamaye? Wasu malamai kan jingina amsar ga masallatai da makarantun allo, wasu kuma ga tarihin fataucin goro. Duka gaskiya ne. Sai dai a ganina akwai wani ginshiƙi da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, wato bakin titi inda masu abinci ke baje kolinsu.

Duk wanda ya bi babban titin Nima zuwa Maamobi bayan sallar Magariba zai fahimci abin da nake nufi. Ga mai tsire da hayaƙinsa, ga mai shayi da teburinsa, ga mai fura, ga mai masa, ga matasa sun kewaye butar atayi a majalisarsu. Da asuba kuma masu koko da ƙosai su karɓi filin. Mazauna wurin ba duka Hausawa ba ne: akwai Dagomba, Kotokoli, Zabarmawa, Mosi, Fulani, Yarbawa da sauransu. Kowa na da harshen gidansu, amma idan aka zo gaban tukunya, Hausa ce ke haɗa mai saye da mai sayarwa. Yaron da aka aika sayen koko a nan yake koyon gaisuwa da ƙirga kuɗi da neman gyara, tun kafin ya san harafi.

Daga wannan dandali ne kalmominmu suka shiga bakin mutanen Ghana baki ɗaya. “Waakye”, abincin da ake taƙama da shi a faɗin ƙasar, daga “wake” ya samo suna. “Koose” ƙosai ne, “tuo zaafi” kuwa tuwo ne mai zafi.

Ɗalibin da ya je can zai ji Hausar da ta bambanta da ta Kano. Sau da yawa ba a rarrabe jinsi, sai a ce “yarinya ya zo”, kuma ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b. Bai kamata mai nazari ya yi wa wannan dariya ba. Alama ce ta harshen da baƙi suka ɗauka suka mayar nasu, kuma abin nazari ne mai daraja.

Abin da ke damuna shi ne makomar wuraren. A 2019 Shugaba Nana Akufo-Addo ya yi maganar shirin sake gina Nima, kuma hukumomin birnin sun daɗe suna korar masu kasa kaya daga gefen titi. Ba na musun hujjarsu. Akwai cunkoso, akwai kwata a buɗe kusa da abinci, kuma ba a manta da annobar kwalara ta 2014 ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Singafo ta fuskanci irin wannan matsala, sai ta gina wa masu abincin titi rumfuna da ruwa da wuta a cikin unguwanni, har UNESCO ta sanya al'adar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2020.

Abin da Nima da Maamobi ke buƙata ke nan: famfo, fitila, kwandon shara da rufaffiyar kwata, tare da barin masu sana'a kusa da jama'arsu. In aka watsa su, abinci zai samu wani wurin, amma hirar da ke raya harshen ba lalle ta bi shi ba.

Ku kuma ɗalibai, duk wanda Allah ya kai shi Accra, ya ware dare guda ya zauna a bencin mai shayi da littafin rubutunsa, ya nemi izinin mutane, ya saurara.