Albashin Farko: "A Cire Ko A Ba Ka Kuɗinka Cif?"

 Na san 'yan ajin ƙarshe a Shanga da Yauri da Ngaski hankalinku yana kan WAEC da NECO, batun fansho kuwa kuna ganin zancen tsofaffi ne. Ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. Nan da shekara biyar ko shida wasunku za su karɓi takardar kama aiki a banki ko kamfani ko makarantar kuɗi, kuma tun a albashin farko za ku ga an cire wani abu.

Tun 2004 Najeriya ta koma tsarin fansho na karo-karo, aka sake gyara dokar a 2014. Ma'aikaci yana sa kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ɗora kashi 10. Kuɗin suna shiga asusu mai sunanka da lambarka, a hannun kamfanin kula da fansho da kai ka zaɓa, hukumar PenCom tana sa ido. Duk kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama, dole ne ya bi. Ko ka sauya wurin aiki, asusun naka ne, yana bin ka.

To, ga inda ake zamewa. Wani mai kamfani zai ja sabon ma'aikaci gefe ya ce, "Kai yaro ne, me za ka yi da fansho? A bar cirewa, a ba ka kuɗinka cif a hannu." Yaro ya ji daɗi, har da godiya. Dokar fansho ba ta ba sabon ma'aikaci wannan zaɓin ba. Abin da ke rikita mutane shi ne kuɗin asusun gidaje na ƙasa, kashi biyu da rabi, wanda a 2023 aka mayar da shi ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Wancan daban, fansho daban.

Ɗauko biro mu yi lissafi. A ce albashinka Naira 70,000 ne, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, kuma a ce duka ana lissafa shi. Naka kason 5,600 ne, na mai kamfani 7,000. In ka yarda a bar cirewa, ka ga ƙarin 5,600 a aljihu, amma 7,000 ɗin nan fa? Sun zauna a aljihun oga. A shekara ɗaya ka yafe masa 84,000, kana murna. Shi ya sa ya fi ka ɗokin maganar.

Ku da kuka tashi a bakin tafkin Kainji ba sai an yi muku dogon bayani ba. Ku tambayi dattawan masunta dalilin da ya sa aka taɓa hana jan dala a tafkin. Tana cika jirgi a rana ɗaya, amma har da 'ya'yan kifin da da an bar su sun girma, baɗi su ne za su ciyar da gida.

Ba ina cewa tsarin ba shi da aibi ba. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30, kuma kuɗin da ke ajiye suna jin jiki a irin wannan yanayi. An fitar da sojoji daga tsarin tun 2011, tsofaffin 'yan sanda kuma sun yi zanga-zanga a Abuja a Yulin 2025 suna neman su ma a fitar da su, saboda abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. Kokensu yana kan hanya. Sai dai ku lura, su suna neman a mayar da su wani tsarin da gwamnati za ta biya su ne. Kai da za ka fita a ɗakin oga, ba wani tsarin da ke jiran ka.

Ba a taɓa kuɗin sai ka yi ritaya kuma ka kai shekara 50, amma in aiki ya ƙare ka yi wata huɗu ba ka sami wani ba, kana iya karɓar kashi 25. Mai gudun riba kuwa, tun 2021 akwai asusun da ba ruwansa da kuɗin ruwa, sai ka nema a sa ka ciki.

Ranar da ka kama aiki, kai ko ke, buɗe asusun da kanka, ka kai wa ofishin lambar. In wata ya ƙare ba ka ga saƙon shigar kuɗi a wayarka ba, je ka tambaya cikin ladabi, ka riƙe takardar albashinka a hannu.