ZAUREN LAFIYA: Kwantsa A Idon 'Yar Kyanwa Ba Ciwon Haƙuri Ba Ne

  Yau zancen namu na wata 'yar ƙaramar halitta ne, wadda da yawanmu kan tsallake ta a bakin kwata ba tare da mun waiga ba.

Kwanan baya, bayan sallar magariba, 'yar maƙwabcina a nan Adjamé ta yi sallama riƙe da kwalin sukari. Ta ce, "Baba, don Allah duba mini, ba ta gani." Da na leƙa sai ga 'yar kyanwa wadda ba ta cika tafin hannu ba, kwantsa ruwan ɗorawa ta liƙe idanunta biyu, tana atishawa. A bayan wata rumfar garba ta tsinto ta, babu uwa. Kafin a zo wurina, kakarta ta ce a sa mata kwalli, wata ta ce a ɗiga nonon mai jego, yayanta kuwa ya sayo maganin ɗigawa wurin masu talla a faranti, har an yi kwana 2 ana ɗiga mata. Na ce, "'Yata, ajiye wannan kwalba, gobe da sassafe sai wurin likitan dabbobi."

Likita ya ɗiga mata wani ruwa mai launi, sai gyambo ya bayyana kore shar a kan ƙwayar idon hagu. Ya duba kwalbar nan ya girgiza kai, domin akwai kotizon a ciki, shi kuwa kotizon in ya sami gyambo a ido hana shi warkewa yake yi, har ya ƙara zurfi. Allah Ya sa an zo da sauran lokaci. Idon dama ya warke sarai, na hagu kuwa ya bar hakiya da za ta zauna da ita har ƙarshen rayuwarta.

Hausawa kan ce ciwon ido sai haƙuri. To, ban da na 'yar kyanwa. Ana haihuwarta ido rufe, nauyinta wajen giram 100, ba ta buɗe ido sai tsakanin kwana 7 zuwa 14. Garkuwar jikinta daga nonon farko na uwa take samo ta, saboda haka wadda aka tsinta ba uwa ita ce cuta ta fi saurin kayarwa. Galibin kwantsar nan daga murar kyanwa take fitowa, wadda ƙwayoyin cuta irin su hapis na kyanwa da kalisi da kilamidiya ke kawowa. Ƙura da hayaƙin gawayi ko na maganin sauro su ma kan sa ido hawaye. In aka yi sake, gyambo na iya huda ido cikin 'yan kwanaki, ko fatar ido ta manne da ƙwayar idon har abada.

Wasu kan tambaya, shin ba apolo ba ne, kada yara su ɗauka? A'a. Apolo ciwon mutane ne, an fara ganinsa a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apolo 11 na Amurka ya sauka a kan wata, daga nan ya samo suna. Hapis na kyanwa ba ya kama mutum, kilamidiyarta kuwa da ƙyar ake samun ta kama wani. Duk da haka a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, a kuma ware ta daga sauran kyanwoyin gida, don a tsakaninsu cutar na yaɗuwa kamar wutar daji.

To me za a yi a gida? A tafasa ruwa a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ko a sayi ruwan gishirin nan na farmasi da ake wanke wa jarirai hanci da ido. A jiƙa auduga a ɗora kan idon minti 1 ko 2 har kwantsar ta yi laushi, sannan a share a hankali daga gefen hanci zuwa waje. Kowane ido da audugarsa, kuma a maimaita sau 3 ko 4 a yini. A share mata hanci ma, domin kyanwa da ƙanshi take cin abinci, in hanci ya toshe sai ta ƙi ci. A sa ta a kwali da tsumma busasshe, da kwalbar ruwan ɗumi naɗe cikin zane. Kada zafin Abijan ya ruɗe ku, jaririyar kyanwa ba ta iya riƙe ɗumin jikinta, sanyin siminti da asuba kaɗai ya isa ya kashe ta. Wadda ba ta fara cin abinci ba tana bukatar madarar 'ya'yan kyanwa duk bayan awa 2 zuwa 3, don madarar shanu zawo take sa su.

Idan hawaye ne fari kamar ruwa, ido a buɗe, tana ci tana wasa, kuma ta haura wata guda, ana iya yin wannan wanki a sa ido na yini ɗaya. In bai ragu ba, a tafi. Amma akwai alamun da ba a kwana da su. Na farko, kwantsa mai kauri ruwan ɗorawa ko koriya. Na biyu, ido ya kumbura, ko tana runtse shi ta ƙi buɗewa. Na uku, ƙwayar ido ta yi hazo ko fari. Na huɗu, atishawa da majina tare da ƙin cin abinci. Na biyar, jiki ya yi sanyi ta yi laƙwas. Haka kuma jaririyar da ba ta buɗe ido ba tukuna, in aka ga fatar idon ta kumbura, mugunya ce ta taru a ciki. Kada a ɓamɓare da farce, wannan aikin likita ne, kuma na ranar ne.

Abubuwan da za a kiyaye kuwa su ne kwalli, ruwan sukari, ruwan lemun tsami da ragowar maganin idon mutane. Babba a cikinsu shi ne farasitamol, ko Doliprane ne ko Efferalgan. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe babbar kyanwa, balle jaririya.

Na san wani zai ce, Malam, mu da muke fama da kuɗin haya ina mu ina likitan kyanwa? Gaskiya ne. Amma a tambayi kuɗin gani tun kafin a shiga, ba abin kunya ba ne, kuma ciwon da aka kai da wuri ya fi arha. 'Yan uwanmu masu harkar tumaki a kasuwar dabbobi sun san likitoci, a nemi shawararsu. In ta warke, a yi mata allurar murar kyanwa a mako na 8 ko 9, a maimaita bayan mako 3 zuwa 4, sai ta haukan kare in ta cika wata 3.

Wannan ta ƙarshe lafiyarmu ce mu kanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi ta cizon kare, amma kyanwa ma na ɗauka. In kyanwar titi ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi cibiyar rigakafin haukan kare ta INHP da ke Treichville a ranar, kada a jira alama, don in alama ta fito babu magani.

Malamanmu sun sha faɗa mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, kuma sahabi Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo laƙabinsa. Wanda ya ɗauko ta daga titi ya ɗauki amana. Yarinyar nan dai yanzu kullum sai ta zo ta ba ni labarin ɓarnar da Mai Hakiya ta yi, kakar da ta ce a sa kwalli kuwa ita ke ajiye mata kan kifi.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.