Ɗan Daudun Da Ba Mu Taɓa Tambaya Ba

Yau zan ɗan kauce wa labarin soyayya, in taɓo maganar da na san wasu za su ce ina ruwana da ita.

A ƙasashen Turai da Amurka akan ji matashi ya fito da sunansa da fuskarsa yana fafutukar kare haƙƙin masu sauya jinsi. A cikin birnin Kano ba za ka ga irin wannan ba, kuma dalilin a fili yake. Tun shekarar 2000 aka ƙaddamar da shari'a, aka kafa hukumar Hisba a 2003, sannan dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga duk wanda ya kafa ko ya tallafa wa ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya. Abin da muke da shi tun kaka da kakanni shi ne ɗan daudu, wanda ba lallai ne ya zama abu ɗaya da na Turawan ba, domin kuwa da yawansu suna da mata da 'ya'ya.

Masu shekaru za su tuna yaron nan ɗan shekara 19 da aka kama a Kano a 2004, bayan ya shafe shekara 7 yana zaune a matsayin mace, yana sayar wa mata kayan mata. A 2005 kotun shari'a ta yanke masa wata 6 da tara. Hotunansa kuwa, cikin atamfa da kallabi, sun yi kasuwa kamar ƙosan safe. Ni kaina na tsaya a bakin Kurmi na kalla, na yi dariya da masu dariya, ba zan ɓoye ba. Sai daga baya na yi lissafi: a cire 7 daga 19, saura 12. Wato yaro ne da ko sauka bai isa yi ba. Ina iyayensa suke? Wa ya ci da shi a shekarun nan, me yake ji idan dare ya yi? Ban ji wanda ya tambaya ba, har da mu masu riƙe da alƙalami.

Nan ne ƙorafina yake. A littattafanmu da finafinanmu, ɗan daudu ba ya wuce abu biyu: ko mai karairaya da tafa hannu don a yi dariya, ko kawalin da zai lalata 'yar mutane. Alhali wannan mutumin shi ne yake soya kajin da muke ci a tasha, shi ake kira ya tuƙa tuwon biki, da kuɗinsa ake biya wa ƙannensa kuɗin makaranta. Sai da wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zo ya zauna da su ya fitar da littafi a 2009, mu da muke unguwa ɗaya da su ba mu yi ba.

Ban ce marubuci ya halatta abin da addininsa ya hana ba, wannan fagen malamai ne. Amma yadda muke ba ɓarawo da 'yar kishiya da mugun Alhaji uwa da tarihi da dalili a labari, shi ma a ba shi. Yaran da ke bin sa da jifa a lungu, wani ɓangare na darasinsu daga shafukanmu suka ɗauko shi.